Shafin Da Ya Fi Ƙarfin Wayar Ƙanwata

Ku da kuke karanta shirin a rubuce saboda data ba ta kai ku saurari murya ba, sannunku, kuma ku gyara zama, don yau maganar taku ce za a yi.

Zan shiga gonar da ba tawa ba, in faɗa tun da wuri. Ni ba injiniyan kwamfuta ba ne, abin da na karanta a jami'a daban. Ɗan abin da na sani na haɗa shafin intanet, larura ce ta koya mini, da kuma kunya. Kunyar ce ma zan fara ba ku labarinta.

Bara ƙungiyarmu ta samu damar koya wa matasa sana'a: ɗinki, gyaran waya, haɗa sola. Gurabe kaɗan ne, masu so kuwa ba iyaka. Muka zauna muka ce wannan karon ba takarda, ba "wa ka sani", ba kawo ɗan wane. Kowa ya shiga intanet ya cike fom, a yi adalci. Wani abokinmu da ya iya aikin ya haɗa mana shafi kyauta, Allah Ya saka masa, ya hana idonsa barci kusan mako biyu. Shafi ya yi kyau wallahi. Muka gwada a ofis, a kwamfutarsa, a wayoyinmu, kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Muka yi ta tafi.

Da aka rufe rajista muka duba sunaye, sai muka ga kusan duk 'yan cikin birni ne. Ƙauyukan da muka fi yi wa talla, inda muka bi masallatai da majalisu muna sanarwa, tsiraru ne suka shigo. Kun san me na ce? Da bakina na ce mutanen karkara ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Har da ɗan wa'azina a kan lalaci.

Bayan 'yan makonni na je suna a ƙauyenmu. Ana cikin hira sai wata ƙanwata, 'yar kawuna, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, ga abin naku fa. Ni dai fari kawai nake gani." Na karɓa da ƙarfin gwiwa, ina cewa a raina ba ta iya ba ne. Na danna. Fari fat. Na jira, na ɗaga wayar sama, na fita ƙofar gida inda aka ce sabis ya fi kamawa. Can sai wani ɗan zobe ya fara juyawa, ya juya ya juya, sabis ya ɗauke, komai ya koma farko. Ta ce sau uku tana gwadawa kafin a rufe, har ta ari wayar maƙwabciya. Ɗinki take so ta koya. Ban iya ce mata komai ba, sai "za mu duba".

To me ya faru? Bari in bayyana yadda aka bayyana mini, da harshen da na gane.

Mai haɗa shafi ba ya rubuta komai daga tushe. Yana rubuta nasa, sannan ya ɗebo kayan da wasu suka riga suka rubuta daga wata babbar rumbu da ake kira npm: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na zana taswira, wancan na ƙawata maɓallai. Duk da harshen JavaScript aka rubuta su. In ya gama, akwai wata manhaja, irin su webpack ko Vite, da za ta tattara su duka ta ɗaure wuri guda. Ni dami nake kiransa, kamar damin gero. Wannan damin shi ake aika wa wayar duk wanda ya buɗe shafin. Kuma yadda aka gina namu, ba abin da zai bayyana a fuskar waya sai damin ya iso gaba ɗayansa, wayar ta kwance shi, ta karanta, ta aiwatar. Farin da ƙanwata take gani ke nan. Wayar tana ta faman sauke kaya.

Namu damin, da muka auna abin da ke sauka a waya, ya kusa megabayit biyu. Wani zai ce haba, megabayit biyu har wani abu ne, bidiyo ɗaya a WhatsApp ya fi shi. Gaskiya ne, ba shi zai cinye maka data a zama ɗaya ba, ko da yake tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin megabayit. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Ku yi lissafin da ni. Sabis mai rauni da ke ba da kilobit 400 a daƙiƙa, kilobayit 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Raba kilobayit 2,000 da 50, ka samu daƙiƙa 40. Daƙiƙa arba'in kana kallon farin allo, in sabis bai yanke ba. A ƙauyenmu kuwa sabis ya yi daƙiƙa arba'in a tsaye bai motsa ba, ai sai an yi sadaka.

Sannan akwai na biyu, wanda ni ban taɓa sani ba. Hoto da JavaScript ko da nauyinsu ɗaya, wahalarsu ba ɗaya ba ce. Hoto in ya iso, wayar ta nuna shi, shi ke nan. JavaScript umarni ne, sai ƙwaƙwalwar wayar ta bi shi layi-layi ta yi aiki da shi, kuma lokacin da take wannan aikin, ko ka danna maɓalli ba za ta kula ka ba. Addy Osmani, injiniyan da ya yi suna a aikin Chrome na Google, ya yi rubuce-rubuce a kan wannan tun 2017, yana kwatanta kilobayit 170 na hoto da kilobayit 170 na JavaScript a kan matsakaiciyar waya. Hoton ba ya ɗaukar komai, JavaScript ɗin kuwa daƙiƙoƙi yake ci. Wayar mai haɗa shafi tana haɗiye wannan ba ta ji ba. 'Yar ƙaramar Android mai gigabayit ɗaya ko biyu na ƙwaƙwalwa, wadda ta sha zafin rana, kuma hotunan biki sun cika ta, ita ce ke ji a jikinta.

Na dawo na samu abokin nan nawa. Ban je da faɗa ba, don mutumin da ya yi maka aiki kyauta ba ka zuwa masa da tsawa, kuma ni ma ai na tafa. Muka zauna ya buɗe wata manhaja mai suna webpack-bundle-analyzer. Tana zana maka damin kamar filin gonaki, kowane kaya da girman gonarsa. Jama'a, gani ya kori ji. Abin da shi ya rubuta da hannunsa, fom ɗin kansa, wani ɗan lungu ne a gefe. Sauran duk kayan aro ne.

Akwai Moment, na lissafin kwanan wata. Mu wuri ɗaya muke amfani da shi, mu nuna ranar rufe rajista. Amma ya shigo da fassarar sunayen watanni da ranaku na harsuna sama da ɗari, kusan kilobayit 70 bayan an matse. Har da Yarabanci da Swahili a ciki, Hausa ce ma babu. Su kansu masu kula da Moment tun a 2020 suka sanar cewa sun daina ƙara masa sababbin abubuwa, suka shawarci masu fara sabon aiki su duba wasu. Akwai Day.js da ke yin kusan aikin da kilobayit 2, kuma burauza da kanta ta iya rubuta kwanan wata ba tare da an aro komai ba. Akwai lodash, an kwaso shi dukansa saboda aiki guda ɗaya. Akwai kayan zana jadawali da na taswira, waɗanda mu shugabanni kaɗai muke gani a ɓangarenmu, amma an ɗaure su cikin damin kowa. Wato ƙanwata tana sauke kayan ofishina kafin a bar ta ta rubuta sunanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Yana haɗa damin a gabana sai na ga wani rubutu ruwan ɗorawa ya fito. Na ce wannan fa? Ya ce, "A'a, rabu da shi, kullum yana fitowa." Ashe webpack ne ke gargaɗi. Tun 2017 aka sa masa wannan: in dami ya wuce bayit 250,000, zai ce maka kayan nan sun yi nauyi. Vite ma yana yin irinsa in wani yanki ya wuce kilobayit 500. Amma gargaɗi ne kawai. Ya faɗa, ya wuce, aiki ya ci gaba, shafi ya hau intanet. Watanni na'ura tana faɗa mana gaskiya, mu kuma muna wucewa kamar yadda direba ke wuce allon da aka rubuta a rage gudu.

Ku tuna tasha. Kowa ya san mota tana da iya abin da za ta ɗauka, har a jikinta an rubuta. Ya hana lodi? Bai hana ba, don ba wanda zai tsayar da motar. Amma je filin jirgi da jaka ta wuce kilo, ka gani. Ba roƙo, ba "don Allah ɗan'uwa", sai ka buɗe jakar nan a gaban jama'a ka rage. A wurin nan ne mutum yake gane ashe tulin takalman nan ba dole ba ne. Abin da muka rasa ke nan, ma'aunin da ke hana tafiya.

Kuma yin sa ba wuya, wannan ne abin haushin. A webpack, kalma ɗaya za ka canja a saitinsa, daga "warning" zuwa "error", sai ya zama in dami ya wuce iyaka, haɗawar ta faɗi, ba abin da zai fita. Masu amfani da Angular ma an sauƙaƙa musu, sabon aiki yana zuwa da kasafinsa a rubuce: gargaɗi a kilobayit 500, tsayawa cak a megabayit ɗaya. Mu mun zaɓi wata 'yar manhaja mai suna size-limit, ta Andrey Sitnik. Kana rubuta mata fayil kaza kada ya wuce kaza. Muka haɗa ta da GitHub, inda muke ajiye aikin, ta yadda duk wanda ya kawo gyara, kafin a karɓa sai na'ura ta haɗa damin ta auna. Ta rubuta a ƙasa: da nauyin kaza ne, yanzu ya zama kaza. In ya haura, maɓallin karɓa ya kulle. Ko shugaban ƙungiya ne ya kawo gyaran, haka zai tsaya.

Sai tambayar da ta ci mana dare guda: nawa za a sa?

Ba mu ƙirƙiro daga kanmu ba. Maganar kasafin nauyin shafi ta daɗe, Tim Kadlec ya yi rubutu a kanta tun 2013. A 2017 Alex Russell, lokacin yana aikin Chrome, ya yi wani lissafi da ya shahara. Ya ce ɗauki matsakaiciyar waya irin Moto G4, da sabis mai kilobit 400, kana so shafi ya zama ana iya amfani da shi cikin daƙiƙa biyar. Abin da ya rage maka na kayan da dole su fara isowa bai wuce kilobayit 130 zuwa 170 ba, a matse. Daga baya ya riƙa sabunta lissafin yana ɗaga adadin, saboda wayoyi da sabis sun inganta a duniya. Mu dai muka kalli wayar ƙanwata, muka ce tsohon lissafin nan shi ya fi kama da ƙauyenmu. Muka tsaya a 150 ga shafin cike fom. In kun ji ƙanƙantarsa, ku sani rahoton Web Almanac na 2024 ya nuna matsakaicin shafi yana aika wa waya JavaScript sama da kilobayit 500. Wato abin da duniya ta ɗauka daidai ne, ya ninka namu fiye da sau uku.

Wani ɗan tarko a nan, don mun faɗa ciki. Akwai nauyin dami kafin a matse, akwai bayan an matse da gzip ko brotli. Na matse shi ke bin sabis, shi ke cin data. Na kwance shi wayar ke karantawa, kuma yakan ninka na matse sau uku ko fiye. Adadin webpack na kafin matsewa ne. Mun yi kusan awa muna musu, ni ina faɗin wannan, shi yana faɗin wancan, ashe ba abu ɗaya muke aunawa ba. Ku rubuta a fili wanne kuke nufi.

Rage kayan bai ɗauki kwana uku ba. Aka cire Moment, aka ɗauko aikin lodash guda ɗayan nan shi kaɗai, aka raba damin ta yadda jadawali da taswira ba sa sauka sai shugaba ya shiga ɓangarensa. Muka sauko ƙasa da 150 har da ɗan sarari. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, kowa yana murna.

Mai wuyar ya zo bayan wata biyu, ranar da ma'aunin ya fara cizo. Wata 'yar'uwa cikin masu taimaka mana ta kawo gyara mai kyau: akwatin zaɓen ranar haihuwa, ka danna kalanda ta buɗe. Na'ura ta ce an haura da kilobayit ashirin da wani abu, ƙofa ta kulle. Dare ne, washegari za mu buɗe rajista zagaye na biyu. Sai ga saƙo a zaurenmu na WhatsApp: "Don Allah a mayar da iyakar 200 kawai mu wuce, daga baya a gyara."

Jama'a, a nan ne duk wani kasafi yake mutuwa. Iyakar lamba ce a cikin fayil, wanda ya iya rubuta 150 ya iya goge ta ya rubuta 200. Yau 200, wata mai zuwa 250, kowane ƙari da hujjarsa mai kyau, kuma "daga baya" ba ta taɓa zuwa. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar aika wa ƙanwata megabayit biyu. Ashirin-ashirin aka tara shi, kowa da kyakkyawar niyya.

Na ce a'a, kuma ba a ji daɗina ba. Ita ta ga kamar an raina aikinta, kuma ina fahimtarta, mutum ya bar barcinsa ya yi abu kyauta, na'ura ta ce masa koma. Abokin nan nawa ne ya raba gardama. Ya ce ai burauza tana da nata akwatin kwanan wata a cikinta, layi ɗaya ne na HTML, ba ya ƙara ko kilobayit guda. Bai kai nata kyau ba, gaskiya. Amma a wayar Android yana buɗe kalandar da mai wayar ya riga ya saba da ita. Da shi muka fita.

Daga ranar muka kafa ƙa'ida. Ana iya ɗaga iyaka, ba Alƙur'ani ba ce. Amma ɗagawar sai ta zo ita kaɗai, ba a ɓoye cikin wani gyara ba, da dalili a rubuce, kuma sai mutum biyu sun amince, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya rubuta manhaja, wanda ke fita ƙauyuka. Don mai kwamfuta yana ganin abin da za a ƙara, mai fita fili shi ya san wanda za a rasa.

Kada in yi muku ƙarya cewa lamba ta gama komai. Ma'aunin dami ba ya ganin hoton megabayit uku da wani zai ɗora a saman shafi. Ba ya ganin kayan da ake jawowa daga waje kai tsaye, irin na ƙirga baƙi ko akwatin hira, don ba sa cikin damin. Kuma mai wayo yana iya raba kaya gida biyar, kowane gida ya wuce awo, alhali duka biyar ɗin suna sauka a shafi ɗaya. Shi ya sa muka sa wa hotuna tasu iyakar, muka kuma sayi tsohuwar waya ta hannu a kasuwa muka ajiye a ofis. Kafin a saki komai sai an buɗe shi a kanta, da data, ba da Wi-Fi ba. Chrome yana da wurin da za ka rage gudun sabis da ƙarfin na'ura don gwaji, yana da amfani, amma bai kai ka riƙe wayar tana zafi a hannunka ba.

Kuma kada wani ya ce wannan damuwar talakawan Afirka ce kawai. Shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, a 2022 sun zauna sun cire jQuery daga shafukansu don su rage kusan kilobayit 32, saboda sun san akwai 'yan ƙasarsu masu tsofaffin wayoyi da ke neman tallafi ta nan. Facebook a 2015 sun fito da wani tsari na ranar Talata, ma'aikaci ya yarda a rage masa gudun intanet zuwa na 2G na awa ɗaya, don ya ɗanɗana abin da masu amfani da manhajarsu ke sha a irin ƙasashenmu. Masu kuɗin duniya suna ƙirga kilobayit, mu da mutanenmu ke hawa tudu neman sabis muna cewa rabu da shi.

Ku 'yan'uwana masu ƙungiyoyi, da masu makarantu, da duk wanda zai ba da kwangilar shafin da talaka zai cike fom a kansa, ba sai kun iya rubuta manhaja ba. Ku tambayi mai yi muku aikin: kilobayit nawa ne ke sauka kafin mutum ya ga fom? In ya wuce, me ke faruwa, gargaɗi ne ko tsayawa? Wa ke da ikon ɗaga iyakar? Ku sa amsar cikin yarjejeniya, kamar yadda kuke sa ranar kammala aiki. In ya ce muku "ai yana da sauri", ku miƙa masa wayar mai gadinku ya buɗe a gabanku. Ku kuma masu haɗa shafuka da ke saurarenmu, na san da yawanku kun fi ni sanin duk abin da na faɗa, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini a ƙasa. Abin da nake roƙo, yau da dare ku buɗe aikinku ku duba ko rubutun nan ruwan ɗorawa yana fitowa.

Ƙanwata ta cike fom a zagaye na biyu, a wayarta, tana zaune a tsakar gida. Ba ta samu gurbi ba, an yi ƙuri'a sunanta bai fito ba, kuma har yanzu tana yi mini gori a kai. Yanzu haka ma muna cikin wata gardamar: ana so a sa taswira a shafin kai ƙorafin rijiyoyin burtsatse da suka lalace, mutum ya danna inda rijiyar take. Kayan taswirar kaɗai za su cinye kusan sulusin kasafinmu, ban da hotunan taswirar da za su riƙa sauka. Wasu sun ce a bar mutum ya rubuta sunan unguwa kawai, wasu sun ce sai da taswira ma'aikatan gyara za su gane wurin. Ranar Asabar za mu zauna, kuma ni kaina ban gama yanke inda zan tsaya ba. Duk yadda aka yi zan faɗa muku.